Yadda ake ɗora wa babur gilashin tare iska ya yi maka hunturu da bazara da damina

Ni a Bodinga nake kwana, aikina kuma a cikin garin Sakkwato yake, saboda haka kullum safiya ina kan babur. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake nufi: idan ka nufo gari daga can, kusan arewa maso gabas ka fuskanta, daga nan ne kuma iskar hunturu take busowa. A Disamba da Janairu, gaba da gaba kuke da ita. Ka sa riga biyu, ka naɗa rawani, amma kafin ka wuce mahaɗar filin jirgi ƙirjinka ya yi sanyi ƙalau, idanu na zubar da hawaye, maƙogwaro ya bushe da ƙura. Shekara uku ke nan da na sa wa babur ɗina gilashin gaba, kuma mutane da yawa, musamman 'yan kabu-kabu masu zuwa ƙauyuka, sun tsayar da ni suna tambayar yadda aka yi shi. Ga yadda ake yi, daga aunawa har zuwa wanki.

Kafin komai, a san abin da ake faɗa da shi. Ƙarfin iskar da ke dukan mutum a kan babur ba ya tafiya daidai da gudu. Idan ka ninka gudunka sau 2, bugun iskar ninkuwa yake yi sau 4. Wanda ke tafiyar kilomita 80 a awa yana shan ninki huɗu na abin da mai tafiyar 40 yake sha. Shi ya sa mai zirga-zirga tsakanin Ƙofar Atiku da Tsohuwar Kasuwa bai damu da gilashi ba, amma mai zuwa Illela ko Tambuwal yakan sauka da ciwon wuya da kafaɗa. Aikin gilashin shi ne ya ɗauke wannan bugun daga ƙirjinka ya tura iskar sama da gefe. To amma bugun bai ɓace ba, kan gilashin ya koma, gilashin kuma a kan babur yake ɗaure. Duk hikimar aikin a nan take: tsayinsa, kwanciyarsa, da abin da ya riƙe shi. Ƙaramin gilashi da aka auna da kyau ya fi ƙato wanda aka ɗaura haka nan, nesa ba kusa ba.

Dubi babur ɗinka tukuna

Garkuwar iska iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaurewa a jikin firam, ba ta juyawa idan ka juya kan babur. Ita ce a kan manyan baburan tsere da na doguwar tafiya, tana zuwa da robobin gefe har ƙasa. Akwai kuma wadda ake ɗaurewa a ƙarfen kai da kunnuwan fitila, tana bin kai duk inda ya juya. Ga irin baburanmu, su Boxer da TVS da Jincheng da Daylong masu inji 100 zuwa 150, ta biyun ce daidai. Ta farkon tana da nauyi, tana buƙatar a taɓa firam, kuma mafi muni tana rufe inji. Injinan nan iska ce ke sanyaya su, ta waɗannan haƙarƙarin da ke jikin silinda. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, duk abin da zai tare wa inji iska kada ya kusanci babur ɗinka. Gilashinka ya tsaya daga fitila zuwa sama.

Sai ka duba abubuwa uku. Ƙarfen kai: yawancin ƙananan babura kaurinsa milimita 22 ne, ka tabbatar akwai fili tsirara kamar faɗin yatsu biyu a kowane gefe, tsakanin inda aka ɗaure kan da inda ya lanƙwasa. Notin da ke riƙe fitila hagu da dama: su ne za su riƙe ƙasan gilashin. Na uku, wuyan babur. Ka ɗora shi a kan jaki biyu, wani ya danne baya, ka kama ƙafafun gaba ka girgiza. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya saki, a gyara shi kafin a yi maganar gilashi, domin iska za ta ƙara wa wannan rawar ƙarfi.

Awo da kwali

A nan nake so ka ɓata lokaci, don wannan matakin kyauta ne, kuma shi ne yake raba aiki mai kyau da asara. Nemi kwalin indomi ko na firji, mai ƙarfi. Sauke babur daga jaki, ka hau ka zauna yadda kake zama in tafiya ta yi nisa, ba zaman ɗaukar hoto ba. Mutum yakan ɗan rusuna bayan rabin awa a hanya, da wannan zaman za a auna. Idan kana sa hular kwano, kuma ya kamata kana sawa, ka sa ta. Wani ya riƙe kwalin a gabanka daga saman fitila, ya kwantar da shi baya daidai da kwanciyar ƙafafun gaba. Sai ya ja layi a kwalin daidai da tsinin hancinka.

Wannan layin shi ne iyakar tsayi. Dalili kuwa, ta saman gilashin ake kallon hanya, ba ta cikinsa ba. Mutane da yawa suna ganin idan ya rufe fuska gaba ɗaya ya fi. A ranar farko haka ne. Amma babur ba shi da abin share gilashi irin na mota. Ranar da hazo ya sauka, ko ruwan Agusta ya tare ka, ko fitilar tirela ta haske shi da dare bayan ya sha ƙura da ƙarce, ba abin da za ka gani. Gwajin da nake yi shi ne in ajiye dutse a ƙasa kamar taku 20 a gaban babur. Idan ina zaune ina hango dutsen ta saman kwalin ba tare da na miƙe wuya ba, tsayin ya yi. Ga matsakaicin mutum a kan irin waɗannan babura, abin yakan faɗo tsakanin santimita 35 zuwa 45 daga saman fitila. Faɗi kuma kada ya wuce faɗin ƙirjinka, wajen santimita 35 zuwa 40 a inda ya fi faɗi, ya ɗan tsuke ta sama, kusurwoyin duka a zagaye su. Idan ka faɗaɗa shi har ya kai hannaye, ka yi wa babur ɗinka filafilan jirgin ruwa, kuma duk tirelar simintin da ta gifta ka sai ka ji kai yana ƙwacewa.

Yanke kwalin, ka ɗaure shi da waya na wucin gadi, ka juya kai hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe. Kada ya taɓa tanki, kada ya taɓa madubi, kada ya rufe sigina ko makulli. Ka bar tazarar yatsu biyu tsakanin ƙasansa da saman fitila. Wannan ƙofar da gangan ake barinta, zan dawo kanta.

Abin da za a yanka

Ana ce masa gilashi, amma gilashin gaske ba ya hawa babur, ko kusa. Roba ce mai haske, kuma iri biyu ce a kasuwa. Ta farko ita ce akirilik, wadda masu allon talla ke kira Perspex. Tana da haske sosai, ba ta saurin ƙarcewa, amma tana tsagewa, in ta fashe kuma kaifi gare ta. Ta biyu folikabonet, irin robar da ake yi wa hular kwano murfin fuska da ita. Ta fi tsada, ta fi saurin ƙarcewa, amma dutse zai doke ta ta lotsa ba ta tarwatse ba. Abin da ke gaban ƙirjinka da wuyanka, wanda ba ya tarwatsewa za ka zaɓa.

Na farkon da na sa akirilik ne, ƙato, wani ya huda shi ya ɗaure noti kai tsaye a jikin robar. Sati biyar ya yi. Wata safiya na ga wani siririn layi ya fito daga ramin noti kamar gashi, kafin Juma'a ya kai baki, rannan na faɗa rami sai rabinsa ya zube a kan tanki. Allah ya tsare, ban ji ciwo ba, amma daga ranar na daina ɗaukar abin da wasa.

Wajen masu yin allon talla da masu tagogin alminiyam ake samun robar. Tunda a ido kusan ɗaya suke, ka roƙi ɗan guntun da ya rage, ka kama shi da filaya ka lanƙwasa. Akirilik zai karye ƙas. Folikabonet zai lanƙwashe ya yi fari a wurin, ba zai rabu ba. Kauri milimita 3 ko 4. Kada a ba ka irin na rumfa mai ramuka a ciki, wannan na rufi ne. Mai haske tas ka saya, ko mai ɗan duhu kaɗan, baƙi kuwa yana ɓoye maka ramin da ke dab da tayarka da dare. Ledar da ke manne a jikinsa kada ka ɓare ta sai an gama aiki, kuma ka karanta ta: idan an nuna fuskar da ke jure rana, ita ce za ta kalli waje.

Wanda ya samu gilashin kanti da aka riga aka ƙera, mai zuwa da ƙarafunansa, ya huta da yanka. Amma ya je da kwalinsa ya gwada a kai, kada ya saya da ido.

Yanka da huda

Shimfiɗa kwalin a kan robar ka zana. Manna farin tef na masu fenti a kan layin, ka sake zanawa a kansa, yana hana bakin tsattsagewa. Da zarton inji mai ƙananan haƙora ake yanka, a hankali, robar tana kwance a kan tebur wani ya danne ta kada ta yi rawa. Idan aka yi sauri sai ta narke ta sake haɗewa a bayan zarton. Bayan yanka a bi bakin da sanfefa, mai kaushi sannan mai laushi, har sai ka shafa da yatsa ba ka ji ƙaya ba. Wannan ba don kwalliya ba ne, daga ɗan tsagin baki ne babbar tsaga take farawa. Wasu sukan tsaga siririn tiyo su sa wa bakin sama, dabara ce mai kyau.

Ramuka huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, amma kada ka huda sai ƙarafunan sun kammala an gwada, domin ƙarfe ne zai nuna maka wurin rami. Idan lokacin ya yi, ka sa katako a ƙarƙashi, ka fara da ƙaramin bakin injin huda sannan babba, ba dannawa da ƙarfi. Kowane rami ya yi nesa da baki da aƙalla santimita 2. Kuma ramin ya fi kusar faɗi: kusa mai milimita 6, rami mai 9 ko 10. Roba tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe sau da yawa, babur ɗin da ya kwana a sanyin asuba ya wuni a ranar Sakkwato kuwa, robar tana buƙatar wurin motsi.

Ana so gilashin ya ɗan lanƙwasa kamar bayan ƙwarya, don iska ta zame gefe, kuma lanƙwasar tana ƙara masa ƙarfi. Folikabonet mai milimita 3 yana karɓar 'yar lanƙwasa ba tare da wuta ba, ƙarfen da ke bayansa ne zai riƙe shi a haka. Kada a kai shi kan risho ko garwashi. Zafin ba ya kama shi daidai, sai ya yi ƙuraje a ciki ya dushe.

Wajen mai walda

Mai waldar da ya yi mini na biyu dattijo ne. Na kai masa kwalin, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Malam, mi kaka so, ya yi kyau ko ya daɗe?" Na ce, "Baba, ya daɗe." Ya ce, "To wanga ƙarhen ba a walda shi ga mashin. Da noti za mu kama shi, in ka so ka kwance." Maganarsa ita ce ƙa'idar. Ba a walda komai a ƙafafun gaba, ko a ƙarfen kai, ko a firam. Zafin walda yana raunana ƙarfen, ƙafafun gaba kuma da mai da robobi a cikinsu. Duk waldar a ƙasa za a yi ta, nesa da tanki, a kawo a gwada a mayar.

Ga abin da za a ƙera. Ƙarafuna biyu na ƙasa, daga falallen ƙarfe mai faɗin santimita 2 da kaurin milimita 3, kowanne ya tashi daga notin gefen fitila ya hau ya tari ƙasan gilashin. Sanduna biyu na sama, daga rodi mai santsi na milimita 8 ko 10, kowanne ya tashi daga maƙalar da ta rungumi ƙarfen kai ya tari tsakiyar gilashin ko sama da haka kaɗan. Maƙalar gida biyu ce, ana haɗa ta da kusa biyu, a sa yankin tsohon tub a ciki don kada ta zame ko ta ci fenti. Sai falallen ƙarfe guda mai 'yar lanƙwasa da zai haɗa sandunan sama ta bayan gilashin. Idan ka kalli abin daga gefe, ya kamata ka ga siffar kusurwa uku tsakanin kai da fitila da gilashi. Wannan siffar ce ke hana shi kwantowa kanka in iska ta matsa.

Ka ce a tsawaita ramukan ƙarafunan ƙasa su zama dogaye kamar ƙwayar dabino, don ka samu damar ɗaga gilashin ko kwantar da shi daga baya. Kuma duk bakin ƙarfen da ke kallon mai tuƙi a daddaƙe shi da girinda ya zama mulmulalle. Wasu suna kama sandunan sama a gindin madubi, yana yi ga ƙaramin gilashi, sai dai a lura: a wasu babura, musamman Yamaha, zaren madubin dama a juye yake, wanda bai sani ba sai ya kashe zaren. A goge ƙarafunan a shafa jan fenti na hana tsatsa, sannan baƙi, a bari ya bushe kafin roba ta taɓa shi.

Ɗaurawa

Sifana 10 da 12 da 13 da sukundireba sun isa. Fara ɗora ƙarafunan duka da hannu, sako-sako. Ɗora gilashin, ka tsaya a gaban babur ka daidaita tsakiyarsa da tsakiyar taya, ka yi alamar ramuka, ka sauke ka huda. Wajen haɗawa jerin kowace kusa haka yake: kan kusa, washa mai faɗi, roba, gilashi, roba, ƙarfe, sannan noti. Robar kuwa tsohon tub ne aka yanka kamar kwabo, ka kuma zura ɗan guntun tiyon mai a jikin kusar inda ta ratsa ramin. Ƙarfe kada ya taɓa gilashi ko ta ina. Noti mai roba a ciki za ka nema, wanda girgiza ba ta kwance shi. Kada ka ɗiga ruwan kulle noti a kusoshin gilashin, yana cin folikabonet ya tsattsaga shi.

Ɗaure na ƙarfe da ƙarfe sosai. Na gilashin kuwa, da zarar ka ga robar ta fara lotsewa, tsaya. Ka mayar da hasken fitila daidai, tunda ka taɓa notinta.

Kafin ka hau titi, tada inji yana kan jaki, ka juya kai hagu da dama har ƙarshe. Idan ƙarar inji ta ƙaru da kanta, sanda ta danne wayar totur, a gyara nan take. Matsa birkin gaba da kuloci a kowane juyi, ka ga ba abin da suka taɓa. Sauke shi, ka riƙe birki ka danna gaba da ƙarfi sau da yawa, ka tabbatar komai bai bugi madigadi ba.

Gwaji a hanya

Zaɓi miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, kai kaɗai ba fasinja. Fara da 30, ka hau 50, sannan 70. Abu biyu kake saurare. Na farko kai: idan ya fara kaɗawa da kansa, sassauta totur a hankali, kada ka cafke birkin gaba, ka tsaya. Ko gilashin ya karkace gefe guda, ko ya yi girma, ko iskar taya ta yi ƙasa. Na biyu kanka: idan kana jin iska tana bubbuga hular kwano kamar ana kaɗa ganga a kunnenka, iskar da ta tsallake saman gilashin ce take murɗawa ta faɗo maka. Ɗaga tafin hannun hagu kaɗan sama da bakin gilashin kana tafiya a hankali, za ka ji inda iskar take bi. Ana so ta wuce ta saman goshi. Maganin bubbugar yawanci kwantar da gilashin baya ne kaɗan, ko buɗa ƙofar nan ta saman fitila. Iskar da ke shigowa ta ƙasa tana cike bayan gilashin, sai murɗawar ta ragu, kuma ita ce ke hana ƙura taruwa a gabanka. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji. Nawa sai a karo na huɗu ya zauna.

Ka kuma gwada shi inda iska ke zuwa daga gefe, kamar fadamar Kwalkwalawa a hanyar jami'a, don hannunka ya saba. Bayan kwana biyu ka bi notin duka da sifana, bayan sati ka sake.

Zama da shi shekara

Da hunturu, abokin gabarsa ƙura ce. Ƙurar nan tana da yashi mai laushi a ciki, idan ka goge ta a bushe da hannun riga ko tsumman da kake share sit, sanfefa ka sa masa. Zuba ruwa daga buta tukuna ya wanke ƙurar, sannan ɗan sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi wanda ba ya wani aiki sai wannan. Fetur, tina, kananzir da ruwan goge gilashin mota duk suna dusar da shi. A gidan mai ma ka kula kada bakin famfo ya fantsama masa.

Da bazara, gaskiya a cikin gari za ka ɗan ji zafi fiye da da, tunda iskar ƙirji ta ragu. A doguwar hanya kuwa yana taimako, domin iskar da ta fi jikin mutum zafi, wato ta wuce digiri 37, ba ta sanyaya shi, busar da shi take yi. Wanda ba ya fita gari a watannin nan yana iya kwance kusoshi huɗun ya ajiye gilashin a ɗaki, ƙarafunan su zauna. Idan za ka ajiye babur a rana, jefa wa gilashin tsumma ko buhu, domin lanƙwasasshiyar roba tana iya tara hasken rana wuri ɗaya ta ƙona murfin mita.

Da damina yana tare maka ruwa daga ƙirji, amma ba ya hana jiƙewa, rigar ruwa tana nan a matsayinta. Idan hadari ya taso daga gabas da jar iskar nan da ke riga ruwa isowa, nemi wuri ka tsaya, ka juya gaban babur ya fuskanci iskar ko ka raɓa shi da bango, don yanzu ya fi saurin kifewa. Ƙwarin dare na fadama kuma, waɗanda da a fuskarka suke ƙarewa, za ka same su manne a gilashin da safe. Kada ka kankare su da farce. Jiƙa tsumma ka shimfiɗa a kai minti 5, za su saki da kansu, sai ka ɗauraye. Duk ranar wanki ka leƙa gefen ramukan nan huɗu. Idan ka ga siririn layi ya fito, huda ɗan ƙaramin rami mai milimita 2 a daidai ƙarshen layin don ya tsaya, ka sassauta notin wurin, ka fara neman wata robar.